Daushe a Ɗakin Tarho

Ku 'yan yanzu, da na ce muku aikina a da kula da fitilu ne, sai ku bushe da dariya. Jiya ma jikana ya tambaye ni da Faransanci, tunda Hausar ba ta zauna masa a baki ba, wai har zama a gaban ƙwan lantarki uku ma sana'a ce? Ban ga laifinsa ba. Wanda ya tashi ya tarar da tarho a aljihu ba zai yarda an taɓa yin zamanin da tarhon kamfani guda yake cin ɗaki sukutum ba, har da na'urar sanyaya ɗaki tasa shi kaɗai, alhali mai kamfanin yana can ofis yana sharce gumi. Ku gyara zama in gaya muku yadda sana'ar take, da yadda ta ƙare wa wanda ya koya mini ita.

Injin da muke kula da shi sitandar ake ce masa. Layuka kaɗan ne suke shigowa gida daga waje, shi kuma ya rarraba su ga ofisoshi, ya haɗa wannan da wancan, ya miƙa kiran baƙi ga matar da ke zaune a teburin karɓar kira. In ka buɗe ƙofarsa za ka ga sahu-sahu na 'yan ƙarafa da muke kira rele, kowanne da ɗan baki mitsitsi da ke haɗuwa ya rabu duk lokacin da wani ya juya lamba. Da hantsi, in ciniki ya kankama, ƙararsu kamar yayyafi a kan rufin kwano. A ƙasa akwai manyan batura da cajar da ke cika su, don ko wuta ta ɗauke tarho ya ci gaba da aiki. A goshin injin kuma, da kan teburin mai karɓar kira, ga fitilun nan uku da kuke wa dariya. Koriya, lafiya lau. Rawaya, akwai abin da ke ciwo amma ana magana. Ja kuwa da ƙararrawa take zuwa, kira ya fara yankewa ke nan, mutane sun fara zaginmu.

Baba Illo ne ya koya mini. Mutumin Dogon Dutsi ne, ya zo Abidjan yana saurayi, ya yi aikin jan waya a ƙarƙashin Turawa har hannunsa ya faɗa, sannan ya buɗe shagonsa a bayan kasuwar Treichville. Ni a unguwar aka haife ni, kuma da na bar makarantar boko mahaifina ya kai ni wurinsa da kansa. Rabon aikinmu mai sauƙi ne: ni in karanta takardun injin, shi ya saurari injin. Jakarsa ta fata ba ta da kaya da yawa. Turnabis ƙanana na kwance kusoshi, filaya mai dogon baki, ɗan tarhon gwaji, da wani gilashi mai roba a ka da ake zuƙo ruwan batir da shi a ga ƙarfinsa. Abin da ya fi ji da shi wani siririn ƙarfe ne kamar reza marar kaifi, na goge bakin rele. Ba ya ba da aronsa, ko ni sai da na yi shekaru kafin ya bari na riƙe.

Aikin farko da na bi shi, wani kamfanin fiton kaya ne kusa da tashar jiragen ruwa. Rawaya ce ta kama, amma kowa a gidan yana kira yana amsawa, har manajan yana mamakin abin da ya kawo mu. Baba Illo ya buɗe injin, ya tsaya shiru yana karkata kai. Can ya nuna mini rele ɗaya a sahu na ƙasa, ya ce in duba bakinsa. Wani kore-kore ne ya fito masa, irin na tsohuwar tasar tagulla. Iskar bakin ruwa ce ke kawo shi, gishiri da laima. Ya goge a hankali, ya hura, fitilar ta mutu. A hanyarmu ta komawa ya ce mini:

"Abdu, ja ba taka ba ce. Ko mai shara ya ga ja ya san an yi ɓarna. Taka ita ce rawaya. Kada ka bar ta ta kwana a kunne, domin fitila ɗaya ce, ciwo kuwa da yawa. In ta kama saboda ƙaramin abu ka ƙyale ta, ranar da babba ya zo ba ta da wani bakin da za ta gaya maka."

Masu gidajen da muke wa aiki kowa da halinsa. Akwai wani Kwara, wato Balaraben Labanan, mai sayar da atamfa da ya cusa tsumma a cikin ƙararrawar don tana hana shi barcin rana. Akwai sakatariyar da ta mayar da ƙofar injin wurin rataye jaka da laima. Baba Illo ba ya raga wa kowa a cikinsu. Na ga ranar da ya tsayar da wani Bature a tsakiyar ofishinsa, ya nuna masa kofin kofi da aka ajiye a kan batir, ya ce ko a ɗauke ko ya ɗauki jakarsa. Aka ɗauke. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ce matsoraci ne in kun ji abin da ke tafe.

Babban gidan da ke riƙe da shagonmu na Alhaji Nomau ne, a Adjamé, ba nisa da tashar motoci. Fataucin goro yake yi, motocinsa suna loda su nufi arewa, kuma yana da ofishin fito da na atamfa duk a bene ɗaya. Rayuwar gidan a kan tarho take, domin goro ba ya jira. In mota ta maƙale a kan iyaka, sai an kira wannan an kira wancan kafin rana ta dafa kayan. Amma a wurin Baba Illo, Alhaji ya wuce mai ba da aiki. A zaurensa ya sauka ranar da ya shigo Abidjan ba shi da kowa. A kwanonsa ya ci. Alhaji ne ya yi masa hanya wurin Turawa, shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa, shi ya raɗa wa ɗansa na fari suna. Da ya sayi sitandar, a gaban jama'a ya miƙa masa makullin ɗakin, ya ce wa sauran 'yan kasuwa duk mai son tarhonsa ya zauna lafiya ya nemi Illo. Baba Illo yana da furfura a lokacin, amma bai taɓa gaishe da Alhaji a tsaye ba.

Wata safiya muka je zagaye, na buɗe ɗakin injin, sai ƙamshin ɗanyen ganye ya bugi hancina. Huhunan goro ne jere a jikin bango, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, ƙasa duk danshi. Awa, Bajuliyar da ke karɓar kira, ta leƙo ta ce:

"Koro Abdu, kada ka taɓa. Daushen patoron ne. Ya ce duk gidan nan babu inda ya kai nan sanyi, tunda kilim ba ya mutuwa."

Koro da Julanci yaya ke nan, haka take kirana; patoron shi ne maigida, kilim kuma na'urar sanyi. Daushe kuwa, ga waɗanda ba su sani ba, goron bara ne da aka yi wa tattali har ya kwana ya yi daɗi. Wannan ba na sayarwa ba ne. Shi Alhaji ke aika wa malamai da surukai da manyan baƙi, kuma da hannunsa yake zaɓensa. Goro yana son sanyi da laima. Injinmu yana son sanyi, amma laima ajalinsa ce. Na juya na dubi Baba Illo, ina jira ya yi irin abin da ya yi wa Baturen nan. Ya daɗe yana kallon huhunan. Sai ya buɗe jakarsa ya fara aiki.

Da muka fito muka tarar da Alhaji a zaure da jama'a kewaye da shi. Yana ganin mu ya washe baki.

"Illo, ka ga dabarata? Injinka ya sha sanyi, gorona ya sha sanyi. Ina gaya wa mutanen nan, ba wanda ya taɓa tunanin haka duk Adjamé."

Jama'a suka yi ta yaba wa basirar Alhaji. Baba Illo ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

A cikin gbaka, 'yar motar hayar da za ta mayar da mu Treichville, na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, laimar nan za ta cinye rele. Ka fi ni sani."

"Na sani."

"To a gaya masa mana."

"Wa zai gaya masa? Ni? In shiga zauren da na kwana a ciki, in ce wa mutumin da ya aurar da ni abin da ya yi alfahari da shi a gaban mutane kuskure ne? Ba a yin haka, Abdu. Kai ma ban yarda ka buɗe baki ba, domin bakinka nawa ne. Za mu riƙa gogewa."

Haka muka riƙa gogewa. Gidan da a da muke leƙawa jefi-jefi ya zama kowane mako sai mun haye gada mun je. Koren nan yana fitowa, muna kankarewa. Baba Illo ya gwada hanyar da ya ga ta dace da shi, wato zagaye-zagaye. Wata rana ya ce, "Alhaji, ɗakin nan iskarsa ta yi nauyi." Alhaji, da yake mutum ne mai son kyautatawa, washegari ya sa aka kawo na'urar sanyi da ta fi ta da girma. Sabuwar ta riƙa busar da buhunan da wuri, masu kula da goron suka ninka yayyafin ruwa. Na yi dariya ranar, irin dariyar da ba ta da daɗi. Ni kuma na bi ta wurin Awa, na ce ko za ta sako zancen in ta ga fuska. Ta ce, "Ni? Patoronka da gemunsa bai faɗa ba, sai ni mai amsa alo?" Gaskiyarta ce.

A hankali rawaya ta daina mutuwa. Mu goge ta ɗauke, kafin mu isa tasha ta dawo. Awa ta gaji da kiran mu, daga baya ta gaji da ganinta ma, ta manna mata ɗan filasta a kan teburinta. Na ɓamɓare, ta sake mannawa. Baba Illo ya gani bai yi magana ba, kuma wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro, domin mutumin da ya kafa mini doka ne yake tsallake ta a gabana. Ya rame a wannan lokacin. Yakan zauna a shago da azahar, a kawo masa abinci daga gida ya ture.

Sai mummunar shekarar ta zo. Kasuwa ta riga ta faɗi, kowa a gari bakinsa konjonktir, wato matsin da aka shiga bayan koko da kofi sun daina tsada. Kamfanin fiton nan na bakin ruwa ya rufe. Kwaran mai atamfa ya tattara ya tafi. Waɗanda suka rage suka ce ba sa bukatar zagaye, in ya lalace sa kira mu. Ana cikin haka ruwan sama ya yi ƙaranci, madatsun ruwa suka ja baya, wutar lantarki ta koma zuwa da tafiya. Abidjan da muke taƙama da ita, mutane a Plateau, unguwar manyan ofisoshi, suna hawa bene da ƙafa suna haki. Mu biyu muka rage a shagon, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gidan Alhaji Nomau ne kaɗai ya hana mu rufe ƙofa. Iyalina da na Baba Illo duk daga wannan ɗakin mai ƙamshin goro suke ci.

Ɗaukewar wuta ta yi wa ɗakin illa biyu. In ta tafi, na'urar sanyi ta tsaya, ɗakin ya ɗau zafi, ruwan buhunan ya tashi ya kwanta a jikin ƙarfe kamar raɓa. In ta dawo, batura da suka sha wahala suna bukatar caja ta cika su kafin ta sake tafiya. A makon da abin ya faru, duk wanda ke da injin a Treichville kiranmu yake yi, batura suna mutuwa ko'ina, zuwanmu Adjamé ya ja baya da 'yan kwanaki. A cikin kwanakin nan koren ya ci wayar cajar ta ciki, ta daina caji. Injin ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ya kunna rawaya. Rawaya kuwa da ma a kunne take, ƙarƙashin filasta.

Da rana tsaka aka ɗauke wuta, baturan babu komai a cikinsu. Ko ja ba ta samu ƙarfin kamawa ba. Gidan ya yi tsit. Awa ba ta da hanyar kiranmu, sai da ta hau mota ta zo shago da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "An pan, Baba, komai ya mutu, ko kuran babu," wato injin ya tsaya, ko wuta babu. A ranar kuma motocin Alhaji suna tsare a kan iyaka, direbobi suna ta neman gidan ba sa samu. Mun kwashe kwanaki muna fama. Cajar ta ƙi gyaruwa, irinta babu a gari, na zagaye kasuwar Black Market rumfa-rumfa ina tona tsofaffin kaya ban samu ba. Kafin a yi ta aike da baki har a saki motocin, rana ta gama da goron.

Alhaji bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ya dai aiko a gaya wa Baba Illo cewa 'ya'yansa sun matsa a sayi sabon injin, na zamani marar rele, daga wani babban kamfani, kuma kamfanin ne zai riƙa kula da abinsa. Amma ya ce bai yanke ba tukuna. Yana son Illo ya zo ranar da mutumin kamfanin zai duba ɗakin, a ji abin da ya kashe tsohon. In laifin wuta ne, to wuta ta kowa ce, sai a gyara a bar Illo da aikinsa.

Ban taɓa roƙon kowa abu kamar yadda na roƙi Baba Illo a safiyar ranar ba, a kan gada, muna tsaye cikin cunkoso. Na ce, "Baba, yau ce kaɗai ta rage. Ka faɗa masa goron ne. Ko a kunne ka raɗa masa. Shagon ne zai tafi." Ya ce in bar shi ya ji da abin da ke gabansa.

Mutumin kamfanin wani Misye Kwadiyo ne, mai fara'a, da taye a wuya. Muka shiga ɗakin mu huɗu har da Alhaji, Awa tana bakin ƙofa, wasu daga cikin mutanen zaure suna leƙe ta bayanta. Bai ko buɗe injin ba. Ya shaƙi iska, ya dubi huhunan, ya taɓa jiƙaƙƙen buhu da kan takalminsa, ya ce da Faransanci, kamar mai tambayar hanya:

"Alhaji, wannan kayan ne ya kashe maka injin. Laima ce. Ko namu aka sa, in ba a fitar da su ba haka zai mutu."

Na sunkuyar da kai ina jiran sama ta faɗo. Alhaji ya ce, "Goron?" Kwadiyo ya ce i, goron. Sai Alhaji ya juya ya ce wa mutanensa, "Ku kwashe su ku kai sito." Shi ke nan. Ko fuskarsa ba ta canza ba. Abin da muka shekara biyu muna zagayewa, muna ramewa a kansa, baƙo ya faɗe shi a numfashi ɗaya, aka fara fitar da huhuna. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Sannan Alhaji ya dubi Baba Illo, ba da fushi ba, da mamaki.

"Illo, ashe goron ne? Kai da kake shiga ɗakin nan kullum, me ya hana ka gaya mini?"

Ƙofa a buɗe take har a lokacin. Da ya ce kunya ce ta hana shi, da Alhaji ya gane, wataƙila ma ya rungume shi. Amma faɗin haka a gaban mutanen zaure daidai yake da cewa kowa ya san Alhaji ya yi wauta shekara biyu ana kallonsa ana rufa masa asiri. Na ga Baba Illo ya auna wannan, na ga lokacin da ya gama aunawa. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen simintin nan ya ce:

"Ban lura ba, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

Tausayi ya bayyana a fuskar Alhaji. Ya ce, "Tsufa ne, Illo. Ido yakan gaji. Ka yi mana ƙoƙari, lokaci ya yi da za ka huta." Ya tsayar da mai ɗauke da huhu na ƙarshe, ya zura hannu ya zaɓo fari mai kyau ya miƙa masa. Baba Illo ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ciro makullin ɗakin daga aljihu ya ba Misye Kwadiyo.

Kafin la'asar maganar ta zagaye Adjamé, cewa idon Illo ya tafi, injin ya ruɓe a gabansa bai gani ba. 'Yan kasuwar da suka zo mana ta bakin Alhaji, ta bakinsa suka koma. Ba mu kai damina ba muka rufe shagon. Ni na samu aiki daga baya a wani otal, na ci gaba da kallon fitilu har na yi ritaya. Baba Illo bai sake taɓa injin kowa ba. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan hau gbaka ya tafi Adjamé ya gaishe da Alhaji, ya zauna a ƙarshen tabarma. Har Allah ya karɓi ransa, a zauren nan sunansa Illo da bai lura ba, kuma ko sau ɗaya bai gyara musu ba.